Furannin Mama a Tagar Baba

Yayata ta yi kwas na kwana uku a wani otal, aka miƙa mata takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, daga ranar ta zama gwanar saka furanni a cikin gilashi. Ni kuwa da na shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, har yatsuna sun daina jin zafin dalma, sai na koma 'yar kallo. Haka Yaya take tun muna yara. In ta karanta bayan kwalin magani, to likita ya shiga uku.

Sana'ar ba wani abin al'ajabi ba ce. Ka tsinko fure, ka shimfiɗa shi tsakanin takardu, ka matse shi da katako biyu har ya bushe ƙamas. Sai ka yanka gilashi biyu daidai da juna, ka jera furannin a tsakaninsu, ka naɗe bakin da siririn tef na jan ƙarfe, ka bi shi da narkakkiyar dalma. In kana so ka kewaye shi da gutsattsarin gilashi masu launi. Idan rana ta bugo shi, har jijiyoyin ganyen za ka iya ƙirgawa. Shagona ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule. Sau biyu Yaya ta taɓa shigowa cikinsa, duka biyun tana toshe hanci da gyale, wai warin dalma na hawar mata kai. In ƙawayenta suka tambayi aikina, cewa take, "Autarmu tana ɗan taɓa kayan ado."

Mama ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta bar Baba shi kaɗai a gidan da suka shekara arba'in da wani abu a ciki. Bayan wata takwas ƙafafunsa suka ƙi, ya faɗi sau biyu a banɗaki, aka yanke shawarar a sayar da gidan ya koma wurin Yaya. In na ce aka yanke, to Yaya ce ta yanke, mijinta ya amsa. Mijin nan nata mu a gida Haka-ne muke kiransa, don ban taɓa jin ya ƙare zance da wata kalma ba. Baba bai yi gardama ba. Abu ɗaya kawai ya tambaya, shi ne yadda za a yi da lambun.

Lambun bai fi taku goma ba, a bayan kicin yake. Amma Mama ce ta dasa kowane tsiro da hannunta: jan wardi a jikin katanga, wasu ƙananan fararen furanni masu ƙamshi da take jefa wa Baba a aljihun riga in zai fita, da wasu sirara shuɗaye da ke buɗewa da safe su rufe kafin azahar. Tun da ta rasu Baba ke ba su ruwa, yana jan ƙafa yana riƙe bango. Wanda ya sayi gidan kuwa a gaban Baba ya faɗa, ko kunya babu, cewa siminti zai malala a wurin ya riƙa ajiye motoci.

Ranar da muka taru don haɗa kaya, na zo da katakan matsa furena a jaka. Niyyata in bari a gama cin abinci, in sami Baba shi kaɗai, in gaya masa abin da zan yi masa. Kafin a ɗauke kwanuka Yaya ta gyara murya, ta sanar da kowa cewa Baba ba zai rasa lambunsa ba, ita za ta adana furannin Mama a cikin gilashi, a kafa shi a tagar sabon ɗakinsa, ai dalilin da ya sa ta shiga kwas ke nan. Baba ya juyo ya dube ni. Yaya ta ce kada a takura wa Auta, tana da aikin masu saye, kuma irin wannan aiki na gida yana buƙatar ido. Haka-ne ya faɗi abin da ya saba faɗa. Na tura jakata ƙarƙashin kujera da ƙafa, na ci gaba da naɗe kofuna a jarida.

Ranar Asabar ta bi lambun da almakashi, ta tsinke duk wani abu mai launi, ko toho ba ta bari ba. Ranar Litinin ma'aikata suka shiga da diga da shebur. Daga nan duk abin da ya rage na lambun Mama a duniya yana cikin manyan littattafai huɗu a falon Yaya, an ɗora musu tukunyar gas a kai don nauyi.

Na san za ta zo. A kwas ɗinsu an koya musu jera fure da ɗaukar hoto, ba a koya musu yankan gilashi ba, balle riƙe ƙarfen dalma. Kwana tara cif sai ga ta a ƙofar shago da hantsi, Haka-ne na biye da ita rungume da littattafan. Mai ɗinkin labule na zaune a bencina tana shan shayi, ta tashi za ta ba mu wuri, Yaya ta ce ta zauna abinta, ba wani sirri ba ne. Ta ba ni awon tagar a rubuce, ta ce nan da jibi take so, don ranar Baba zai tare, kuma za a yi baƙi.

Ta fara buɗe shafuka tana fito da furannin. Fararen sun yi kyau, shuɗayen ma haka, su dama ba su da jiki, kwana bakwai ya ishe su. Da ta zo kan wardi sai na matso kusa. Guda goma sha huɗu, ta matse su ɗungurungum, yadda aka tsinko su. Wardi ba a yi masa haka. Gindinsa kauri gare shi, a nan yake ɓoye ruwa. Ko dai ka tsaga shi biyu da reza, ko ka ɓare shi ganye-ganye, ka ba shi sati huɗu kana canja masa takarda duk bayan kwana uku. Na kai bayan yatsana kan gindin guda ɗaya, na ji sanyi. Busasshen fure ba ya sanyi.

Na ce, "Yaya, kwana nawa suka yi a matse?"

"Tara. Kuma na bi su da dutsen guga, haka malamarmu ta ce."

"Wardin nan dai..."

"Auta, ba shawara na zo nema ba, hannu na zo ara. Ki yanka, ki liƙe. Tsarin nawa ne."

Mai ɗinkin labule ta sunkuyar da kai cikin kofinta. Ni kuma na haɗiye sauran maganar. Na ce a raina, to shi ke nan, hannu kike so, hannu za ki samu.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: tsarin ya yi kyau. Ta jera su yadda suke a lambun, wardi a hagu inda katanga take, fararen a ƙasa, shuɗayen na hawa sama ta dama. Ni ban yi wannan tunanin ba, kuma hakan ya ƙara min haushi. Na yanka gilashin ba tsaguwa ko ɗaya. Na kewaye shi da kore da ruwan zuma. Na naɗe bakin da tef, na murje shi da katako har ya kwanta luf, sannan na bi shi da dalma sau biyu. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa yin liƙi mai kyan wannan ba. Ko ƙofar allura ban bari ba, iska ba ta shiga, danshi ba ya fita. Da a ce ragon ma'aikaci ne ya yi aikin, da wataƙila furannin sun sami inda za su yi numfashi.

Kada a ɗauka na yi niyyar hallaka su. Lissafina mai sauƙi ne. Wardi ɗaya ko biyu za su fara canja launi, Yaya za ta gani, ta rasa yadda za ta yi, ta kira ni. Ni kuma in zo in narka dalmar, in buɗe, in shanya su yadda ya kamata, in mayar. Aikin sati huɗu ne, babu abin da zai ɓata. Abin da nake so bai wuce jimla ɗaya daga bakinta ba, ta ce Auta, zo ki duba min, ban iya ba.

Ranar tarewa gidan ya cika da ƙawayenta na ofis, masu manyan jakunkuna da ƙananan tambayoyi. Aka hau da Baba bene, aka zaunar da shi a kujera, Yaya ta janye labule kamar mai buɗe sabon asibiti. Ranar la'asar ta bugo gilashin, ɗakin ya cika da ja da kore. Ƙawayen suka yi ta ɗaukar hoto, ita kuma tana bayanin yadda ta yi fama, har da nuna wani ɗan ƙwarzane a yatsa wanda na tabbata wuƙar albasa ce. Wata ta tambayi wanda ya yi liƙin, ta ce an ɗan taimaka mata da wannan ɓangaren. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tiren lemo.

Baba ya jira sai da suka sauka. Ya sa aka matsar masa da kujera dab da tagar, ya riƙa nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yana gaisawa da mutanen da ya sani. Ya ce wannan farin daga gidan ƙanwarta Mama ta samo irinsa, ta ɓoyo shi a jaka. Ya ce wardin kuwa shekarar da aka haife ni ta dasa shi, da tsohon ciki, yana hana ta tana ƙi. Ya yi dariya, sannan ya goge ido da bayan hannu. Na ji ba daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma ina sauka ƙasa na tarar da Yaya ta jingina takardar shaidarta a kan talabijin inda kowa zai gani, sai rashin daɗin ya wuce.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne tagar yamma take kallo. Kullum daga azahar zuwa faɗuwar rana gilashin na shan zafi, ruwan da ke gindin wardin na tashi ya rasa hanyar fita. Da na je gaishe da Baba bayan sati ɗaya, na same shi tsaye, ya dafa bango da hannu ɗaya, yana goge gilashin da hankici. Ya goge, ya ja baya ya duba, ya sake gogewa. Gumin ta ciki yake, ya lulluɓe ɓangaren hagu kamar murfin tukunya.

Ya ce, "Auta, duba min nan. Idona ne, ko hazo nake gani?"

Na matsa na duba. Gefen wardi uku ya fara komawa ruwan ƙasa. Da a ranar na cire shi na tafi da shi, da na ceci kusan duka.

Na ce, "Wataƙila sanyin safiya ne, Baba. Zai washe."

Ya ce to, ya mayar da hankicin aljihu. Na zauna muka yi hirar ƙafarsa da maganin da aka canja masa. Da zan fita na haɗu da Yaya a matakala, na tsaya na ba ta dama, har na tambaye ta ko akwai wani abu. Ta ce babu komai, in gaida mutanen shago.

Daga baya na ji yadda ta yi ta fama a ɓoye. Ta kira malamarsu ta kwas, wata mai farcen roba da ban yi zaton ta taɓa yanka ko madubin jaka ba, ta ce mata a hura masa na'urar busar da gashi. Yaya ta tsaya rabin awa tana dafa furannin Mama da iska mai zafi. Da abin ya ƙaru, sai ta koma sakin labule da rana, ta ce wa Baba hasken na cutar masa da ido. Ni kuwa na wanke ƙarfen dalmata, na yanka sababbin takardu, na jera komai a kan tebur, na ajiye waya kusa da hannuna. Na daina zuwa gidan ma, don kada a ce na je neman a roƙe ni.

A sati na uku wayar ta yi ƙara, amma Haka-ne ne. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya ce yayata ta ce ko zan ɗan leƙo in na sami sarari. Na tambaye shi ko ita bakinta ciwo yake. Ya ce haka ne. Na ƙara kwana biyu. Ran na uku da safe ta kira da kanta, muryarta a dushe, ta ce, "Ki zo ki duba gilashin nan." Ba ta ce ban iya ba, amma na karɓa a haka.

Na yi wanka, na sa kayan da na fi so, na tafi ina maimaita jawabina a mota. Na tarar da su su uku a ɗakin Baba. An janye labulen. Wardin goma sha huɗu sun koma baƙi, farar funfuna ta fito musu kamar auduga, wani ruwa mai launin shayi ya gangaro ya taru a ƙasa ya jiƙa fararen. Shuɗayen ma sun yi tabo har sama. Idanun Yaya sun kumbura, ba kwalli ba hoda, rabon da in gan ta haka tun ranar rasuwar Mama.

Mai hankali da ya ga haka sai ya yi shiru ya nemi abin kwance ƙusa. Ni kuwa na shekara goma sha ɗaya ina jiran wannan rana, ban ga dalilin da zai sa in bar ta ta wuce ba. Na ajiye jaka, na fara. Na yi mata bayanin gindin wardi, da reza, da sati huɗu, da canjin takarda. Na ce dutsen guga riga ake gogewa da shi. Na ce sana'a ba a otal ake koyonta ba tsakanin shayin safe da abincin rana. Ba ta ɗago kai ba, hakan ya ƙara min ƙarfi. Na ce ai wannan ko makaho ya taɓa ya san da ruwa a ciki, ni tun ranar da ta kawo su shago na sa yatsa na ji sanyi, na san ƙarshensu ke nan.

Sai da maganar ta fita na ji ta. 

Baba ya ce, "Tun a shagon kika sani?"

Na kawar da kaina gefe.

"Ranar da na ce ki duba min, kin sani?"

"Baba, ai ita ce ta ce ba shawara..."

"Ba ita nake tambaya ba."

Na ce, "Na sani."

Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce wa mijin Yaya ya taimaka a sauke shi. Shi ma mijin, a karo na farko tun da na san shi, bai ce komai ba, ya je ya ɗauko kayan aiki.

Na kai gilashin shago na kwantar a kan tebur. Na narka dalmar nan tawa mai kyau, ta ƙi fita da sauƙi, sai da na yi awa guda ina bin ta. Da na ɗaga gilashin sama, wani wari ya bugo ni, irin na ganyen da ya kwana uku a ruwa. Furannin sun manne a gilasan biyu, rabi ya bi na sama, rabi ya zauna a na ƙasa. Na ɗauki reza na bi su ɗaya bayan ɗaya tun azahar har mai gyaran agogo ya fara rufe shagonsa. Duk wanda na taɓa sai ya narke a bakin rezar. Akwai wani ɗan shuɗi can a kusurwar sama da na ga kamar ya tsira, na riƙe numfashi na zura masa takarda a ƙasa, ya rabu gida uku. Washegari da sassafe na je tsohon gidan ko zan sami saiwa ko ɗaya a jikin katanga. Mai gadi ya bar ni na leƙa. Siminti ne fes har bango, da mota biyu a kai.

Daga can na wuce wurin Baba. An mayar da farin gilashi a tagar, yana zaune a kujerarsa yana kallon waje. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ce masa na san inda ake sayar da irin wardin nan sak, da fararen, da shuɗayen. Na ce ya ba ni sati biyar, zan yi masa wani, tsari iri ɗaya, launi iri ɗaya, babu wanda zai gane ba na lambun ba ne.

Ya ce, "Na san babu wanda zai gane. Ni zan gane." Ya mayar da kallonsa ga tagar. "A bar shi. An gode."

Tun da na yi wayo Baba bai taɓa ce min an gode ba. Ko ruwa na miƙa masa, Allah ya yi miki albarka yake cewa. Na zauna a durƙushe ina jiran ya faɗa, har Yaya ta shigo da kofin ruwa da maganinsa, ta ce in ɗan matsa mata hanya.